Yadda za ka kunna wayar tebur da ka zo da ita daga waje

Da farko juya cajar, ka karanta ƙaramin rubutun da ke jikinta. Ƙarfin wutar Najeriya volt (V) 230 ne, na Amurka kuwa 120. In ka ga an rubuta 100-240V, ba matsala. In 120V kaɗai ka gani, kada ka kuskura ka jona, nan take za ta ƙone. Nemi taransifoma mai rage wuta tukuna. Cajar Ingila ta dace da soket ɗinmu mai baki uku.

Sai maganar layi. Tun da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ta durƙushe, da wuya ka samu layin waya na ƙasa a gidajen Sakkwato. Mafita ita ce wani ƙaramin akwati da ake sa wa sim, wanda ke haɗa wayar tebur da layin salula. Saka sim ɗin da ka yi wa rajista, ka haɗa igiyar wayar a ramin akwatin da aka rubuta Phone. Kan igiyar Ingila ya fi faɗi, sai ka canza ta da mai ƙaramin kai, RJ11.

Ɗaga kan wayar. In ka ji ƙara, mayar da maɓallin gefen wayar, in tana da shi, kan Tone, sannan ka gwada kiran wani ɗan gida.

Ka nisanta akwatin da taga, zafin watan Afrilu na saurin kashe batir.