Yadda Za Ka Furta Kalmomin Turanci Masu Rubutu Ɗaya da Furuci Biyu

Duk wanda ya iya karatun Hausar boko ya saba da wani aiki da yake yi ba tare da ya lura ba. Idan ya ga an rubuta "ya hau gado", ba zai karanta kalmar ƙarshe yadda zai karanta ta a "ya ci gado" ba, haka kuma ba ya rikita wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka jimla ce take gaya wa baki abin da zai faɗa. Turanci ma yana da irin waɗannan kalmomi, kuma a ganina Bahaushe ya fi kusa da ƙwarewa a kansu fiye da yadda yake zato, domin dabarar tana hannunsa tun tuni. Abin da ya rage masa shi ne ya san inda za a danna murya da kuma alamun da zai nema a cikin jimla.

Fara da rukunin da ya fi yawa, wato kalmomi masu gaɓa biyu waɗanda suke zama suna a wani wuri, su zama aikatau a wani. Idan suna ce, nauyin murya yana kan gaɓar farko, idan kuwa aikatau ce, sai ya koma ta biyu. A jimlar *She broke the record* ana cewa RE-kod, amma a *They record the news* ana cewa ri-KOD. Haka *permit*, *export*, *conduct*, *suspect*, *rebel* da *increase* suke tafiya. Wani lokaci har ma'anar takan yi nisa da juna: *object* mai nauyi a gaba abu ne, mai nauyi a baya ƙin amincewa ne, *desert* hamada ce ko kuma gudu a bar mutum, *refuse* shara ce ko kuma ƙi, *contract* yarjejeniya ce ko kuma tsukewa da kamuwa da cuta.

A nan ya kamata ka daɗe, domin nauyin murya na Turanci ba daidai yake da karin sautin Hausa ba. Gaɓar da aka danna takan fi tsawo, ta fi ƙarfi, kuma sau da yawa murya takan tashi a kanta, amma rabin aikin yana kan ɗaya gaɓar, wadda wasalinta yake raunana har ya kusa ɓacewa. Mu mun saba ba kowane wasali haƙƙinsa cikakke, shi ya sa mukan furta *produce* da "o" bayyananne ko da aikatau ce, alhali masu harshen suna murƙushe wannan wasali ya zama wani ɗan gajeren sauti marar siffa. Don ka ji bambancin a jikinka, ɗora bayan hannunka a ƙarƙashin haɓa ka ce *a present*, sannan ka ce *to present*. Haɓarka za ta fi sauka a gaɓar da aka danna. Idan hakan bai wadatar ba, rufe baki ka gunguna kalmar da hanci kawai, za ka ji inda muryar ta yi tudu.

Kafin ka buɗe baki, dubi kalmar da ta zo kafin wadda kake shakka. Idan *the*, *a*, *this* ko *my* ce, galibi suna ne ke biye. Idan *to*, *will*, *can*, *we* ko *they* ce, aikatau ce. Wannan ɗan leƙen, wanda bai kai daƙiƙa ɗaya ba, shi ne yake raba mai karanta jawabi cikin natsuwa da wanda yake komawa baya yana gyara. Sai dai kada ka ɗauki wannan tsari a matsayin dokar da ba ta da togaciya. *Answer*, *visit*, *promise* da *comment* nauyinsu yana gaba ko suna ne ko aikatau, yayin da *report*, *control*, *support* da *reply* nasu yake baya a kowane hali. Akwai kuma bambancin ƙasa, domin mutane da yawa a Amurka suna danna gaɓar farko ta *address* idan adireshi ake nufi, a Ingila kuwa ta biyu aka fi dannawa.

Rukuni biyu na gaba ba su da wahala. Kalmomin da suka ƙare da *-ate*, irin su *separate*, *estimate*, *graduate* da *moderate*, ƙarshensu yana fita cikakke kamar *eight* idan aikatau ne, amma yana gajarcewa idan suna ne ko sifa. Su kuwa *use*, *house*, *excuse* da *abuse*, da "z" suke ƙarewa idan aikatau ne, da "s" kuma idan ba aikatau ba ne. Taɓa maƙogwaronka ka ja sautin ƙarshe, za ka ji yana rawa a "z", yana shiru a "s".

Rukunin ƙarshe shi ne wanda ba ya bin wani tsari, kuma dalilinsa tarihi ne. Wasu daga cikin kalmomin asalinsu daban ne tun a tsohon Turanci, sai rubutu ya haɗa su, kamar *lead* ta jagoranci da *lead* ta dalma. Bayan haka, William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a shekarar 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya a daidai lokacin da furucin dogayen wasula yake ci gaba da sauyawa, tun daga wajen 1400 har zuwa wajen 1700. Hanyar da na ga ta fi amfani a nan ita ce ka ɗaura kowace ma'ana da wata kalmar da kuka saba, wadda suke amsa amo tare. *Lead* ta jagoranci tana tafiya da *need*, ta dalma da *bed*. *Live* ta rayuwa tana tafiya da *give*, ta watsa shiri kai tsaye da *five*. *Wind* ta iska da *pinned*, ta naɗewa da *find*. *Tear* ta hawaye da *here*, ta yagewa da *hair*. *Bow* ta bakan harbi da *go*, ta rusunawa da *now*. Rubuta su biyu-biyu a cikin jimlolin da kai ka ƙirƙira, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta daɗewa a ka.

Idan ka buɗe ƙamus, kada ka tsaya a bayanin farko. Ƙamusoshin Oxford da Cambridge na masu koyo suna ba da furuci dabam ga suna da aikatau, kuma suna sa ɗan gajeren layi a sama kafin gaɓar da ake dannawa. Na intanet suna da maɓallin sauraro na furucin Ingila da na Amurka, sai ka zaɓi ɗaya ka riƙe, ka saurara, ka maimaita da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya ka kwatanta.

Akwai kalma ɗaya da za ta iya kama ka ko da ka bi duk wannan, wato *read*. A jimlar *I read the report* babu abin da ya nuna ko karatun na kullum ne ko ya riga ya wuce, kuma furucin ya dogara ga hakan: na yanzu yana tafiya da *need*, wanda ya shuɗe da *red*. Dole idonka ya riga bakinka isa ƙarshen jimla don neman *yesterday* ko *every day*, idan kuma babu su, ka duba lokacin da jimlar da ta gabata take ciki. Saboda haka idan an ba ka takarda ka karanta a gaban jama'a, bi ta sau ɗaya da fensir tukuna, ka ja layi a ƙarƙashin gaɓar da za ka danna, ka kuma rubuta kalmar amsa amo a saman duk wadda kake shakka.