Yadda ake tayin silam a wasan birij ba tare da kasada ba

Wanda ya taso a Jidda ko Makka ya san wasan kati na balot, ya kuma san daɗin kabut, lokacin da kuka share tebur abokan karawa ba su ci ko sau ɗaya ba. A birij ma, wasan kati na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, akwai irin wannan, sai dai ba a ba ku ladansa sai kun faɗa tun kafin a ajiye katin farko cewa za ku yi. Shi ne silam. Ƙaramin silam alkawari ne na cin zagaye 12 cikin 13 da ake bugawa a rabo ɗaya, wato tayi a mataki na shida. Babba kuwa duka 13, mataki na bakwai. 'Yan'uwanmu da suka fara haɗa teburin birij a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ƙarshen mako, na lura yawancinsu makami ɗaya suka riƙe: da zarar hannu ya yi nauyi sai a jefa tayin 4NT a tambayi abokin wasa ikka nawa yake da ita. Tambayar ikka tana da amfani, amma ita ce ta ƙarshe a layi, kuma akwai aikin da dole a gama kafin a iso gare ta.

Zan yi amfani da sunayen da muka saba da su a balot: sibit ♠, has ♥, diman ♦, shiriya ♣, sai ikka (A), shayib (K), bint (Q) da walad (J). NT da ake rubutawa a katin tayi shi ne wasa ba hukum, kamar san a balot; hukum kuwa shi ne launin da ke cin sauran launuka. A kiyaye dai, a birij goma tana ƙasa da walad, kuma walad da tara ba sa hawa sama don launinsu ya zama hukum. Maganarmu ta wasan maki ce zalla, babu kuɗi a tebur.

Fara da sanin farashin abin

Tsarin makin da ake bi ya samo asali ne daga Harold Vanderbilt a 1925. Ladan ƙaramin silam maki 500 ne, ko 750 idan ɓangarenku yana ja a allon rabo, wato rabon da lada da tara duka suka fi yawa. Na babba 1000 ne, ko 1500. Ɗauki misali kuna ja. Kun tsaya a 4♠ kun ci 12, makinku 680. Da kun taya 6♠ da kun tashi da 1430, ribar 750 ke nan. Idan kuma ci 11 ne kawai a hannun, tayin 6♠ zai sa ku rasa 650 ɗin da ke aljihunku, a kuma ci ku tarar 100. Asarar ma 750. Riba da asara sun yi kunnen doki, saboda haka ƙaramin silam ya cancanci a taya shi idan damar cinsa ta kai rabi ko ta fi.

Babban silam ba haka yake ba. 7♠ yana ba da 2210, alhali 6♠ da ci 13 yana ba da 1460. Kana neman ƙarin 750 ne, kana jinginar da 1530. Sai ka tabbata za a ci sau biyu cikin uku ko fiye kafin ka buɗe baki. Ni dai ba na taya bakwai sai na ƙirga ci 13 da yatsa.

Sannan ka tambayi kanka: akwai ci 12?

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Wajen auna ƙarfin hannu, ikka maki 4 ce, shayib 3, bint 2, walad 1, duka kwalin 40. Idan hannayenku biyu shimfiɗaɗɗu ne, babu dogon launi babu gajere, kuna buƙatar 33 don 6NT, 37 don 7NT. Lissafin a fili yake: da 33 a wajenku, 7 ya rage wa abokan karawa, ba za su riƙe ikka biyu ba. Da 37 kuwa 3 ya rage musu, ko ikka ɗaya ba su da ita.

Don haka idan abokinka ya buɗe da 1NT mai nufin 15 zuwa 17, aikin tarawa ne kawai. Kana da 18 ko 19, ka ce 6NT kai tsaye. Kana da 16 ko 17, ka ce 4NT, kuma a nan 4NT gayyata ce, ba tambayar ikka ba. Mai 15 ya yi fas, mai 17 ya tafi shida, mai 16 ya duba ko yana da launi mai kati biyar ko tarin goma da tara. Sau da yawa za ka ga an amsa wannan gayyata da adadin ikka, a wayi gari a wani mataki da babu wanda ya nufa. Idan ikka kake son tambaya bayan 1NT ko 2NT, hanyar ita ce 4♣, dabarar da ke ɗauke da sunan John Gerber: 4♦ babu ko huɗu, 4♥ ɗaya, 4♠ biyu, 4NT uku.

Idan akwai hukum, inda makin ya zauna ya fi yawansa

A nan ne birij yake nuna kyansa. Duba waɗannan hannaye biyu.

Kai: ♠ A Q 9 6 5, ♥ K Q 4, ♦ 8 6 3, ♣ A 2
Abokinka: ♠ K J 7 4, ♥ A 8 5 2, ♦ 4, ♣ K 9 6 3

Kana da 15, yana da 11, jimla 26. A ƙa'idar 33 ko kusa ba ku yi ba. Amma ƙirga ci: sibit biyar, has uku, shiriya biyu, sannan diman biyu da za ka yanke da hukum ɗin abokinka. Goma sha biyu cif, diman ɗaya kaɗai za ku bayar. Maki 10 ɗin da abokan karawa suke da shi a diman bai tsinana musu komai ba sai ci ɗaya.

Ta yaya za ku gano haka? Da tayin da ake kira sifilinta. Ka buɗe 1♠, shi kuma ya yi tsalle zuwa 4♦. Ba diman yake so ba. Cewa yake yi: ina da sibit huɗu ko fiye, ina da ƙarfin gem, wato na kai mu tayi mai lada kamar 4♠, kuma diman ɗina ɗaya ne tal ko babu. Sai ka dubi naka diman ɗin. Idan ƙananan kati ne, ko ikka da ƙanana, hannunka ya ƙara daraja, domin duk makinka yana inda zai yi aiki.

Yanzu musanya has da diman a hannunka, ya zama ♥ 8 6 3 da ♦ K Q 4. Makin bai canja ba, 15 ne. Amma shayib da bint sun faɗo a kan launin da abokinka ba ya buƙatar taimako, has kuma ta zama kango. Ci goma ne a hannun. Da ka ji 4♦ sai ka ce 4♠ ka yi shiru.

Kafin a yi nisa, dole ku san launin hukum, kuma ku duka biyun ku san kun sani. Idan ba a tsayar da hukum ba, duk tayin da zai biyo baya zai iya ɗaukar fassara biyu. Shi ya sa da yawa suke amfani da 2NT ta Oswald Jacoby: abokinka ya buɗe 1♥ ko 1♠, ka amsa 2NT, ma'ana kati huɗu na goyon baya da ƙarfin gem. An tsayar da hukum tun a ƙasa, fili ya buɗe na bincike.

Ka tabbata babu launin da za a ci ku sau biyu a jere

Ƙarfin ci 12 ba shi da amfani idan abokan karawa za su ɗebi biyu tun kafin kati ya shigo hannunka. Maganin wannan shi ne tayin nuna tsaro. Bayan an amince da hukum, kuma an san za a kai gem, duk sabon launin da ka ambata yana nufin ba za a ci ku sau biyu a jere a cikinsa ba: kana da ikka, ko shayib, ko kati ɗaya tal, ko babu ko ɗaya. Ana hawa ne daga launi mafi araha, kuma launin da ka tsallake ka ce ba ka da tsaronsa ke nan. Wasu suna fara nuna ikka da rashin launi kaɗai, su bar shayib sai zagaye na biyu. Kowanne yana aiki, muddin kun zaɓi ɗaya tare.

Ga hannu: ♠ A K J 8 5 3, ♥ 7 4, ♦ A K Q, ♣ K 2. Maki 20. Ka buɗe 1♠, abokinka ya ce 3♠, wato sibit huɗu da maki 10 zuwa 12. Zuciya za ta ce maka 4NT. To a ce ya amsa yana da ikka ɗaya. Wacce?

Zai iya riƙe ♠ Q 9 6 2, ♥ Q J 5, ♦ 8 4, ♣ A Q 7 3. Zai kuma iya riƙe ♠ Q 9 6 2, ♥ A K 5, ♦ 8 4 3, ♣ Q 7 3. Dukansu maki 11, dukansu ikka ɗaya, amsarsu ga 4NT iri ɗaya. Da na farko, idan aka fito da has an ci ku biyu nan take. Da na biyu, ikkar shiriya kaɗai za ku bayar: sibit shida, has biyu, diman uku, shiriya ɗaya.

Saboda haka bayan 3♠ ka ce 4♣. Mai hannun farko ba shi da tsaro a diman ko has, zai koma 4♠, kai kuma ka yi fas da kwanciyar hankali. Mai hannu na biyu zai ce 4♥. Ya tsallake diman, amma kai ka riƙe ta, has ɗin da kake tsoro kuma ya rufe. Yanzu ne lokacin tambaya ya yi.

Irin wannan fas ɗin yana da wuyar haɗiya ga sabon ɗan wasa. Za ka ji ƙane ya ajiye kofin shayi ya ce, “Haba Yaya, da maki 20 ka tsaya a huɗu?” Amsar a takaice take: “Kai ne ka gaya mini has a buɗe take.” Idan ya shimfiɗa katinsa aka ga bint da walad ne a saman has, gardama ta ƙare.

Sai yanzu 4NT

Easley Blackwood na Indiyanafolis a Amurka ne ya ƙirƙiro tambayar a 1933. A asalin tsarinta, 5♣ na nufin babu ikka ko huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. Yau yawancin masu gasa sun koma ga wadda ke ƙirga makullai biyar: ikka huɗu da shayib ɗin hukum. A tsarin da ake wa laƙabi da 1430, 5♣ makulli ɗaya ne ko huɗu, 5♦ babu ko uku, 5♥ biyu ba bint ɗin hukum, 5♠ biyu tare da ita. Akwai masu juya amsoshi biyun farko, ana kiran nasu 3014. Na fi son 1430, domin amsar makulli ɗaya ta fi yawan zuwa wa mai hannu mai ƙarfi, kuma 5♣ tana barin wurin tambayar bint da 5♦.

A misalinmu abokinka zai amsa 5♣, makulli ɗaya. Kana da uku, sun zama huɗu, ɗaya ya ɓace. Sibit ɗinku goma ne da ikka da shayib, bint ba abin damuwa ba ce. Ka ce 6♠. Da makullai biyu ne suka ɓace, da sai ka tsaya a 5♠, shi kuma wajibi ne ya yi fas, domin mai tambaya shi ke yanke hukunci. Idan duka biyar suna nan har da bint, 5NT tana tambayar shayib ɗin sauran launuka, tana kuma shaida wa abokinka cewa babu abin da ya ɓace. Idan yana da dogon launi mai gudu wanda ba ka sani ba, yana da izinin tafiya bakwai.

Tambayar nan ba ta kawo ci ko ɗaya, aikinta kawai ta hana ku shiga silam ɗin da makullai biyu suka ɓace. Kada ka yi ta alhali akwai launin da ba ka da ko kati ɗaya a cikinsa, don idan aka ce maka ikka ɗaya ba za ka san ko ta wannan launin ba ce, wadda ba ta da amfani a gare ka. Kada kuma ka yi ta sai ka shirya wa kowace amsa. Idan shiriya ce hukum kana da makulli biyu kacal, abokinka ya amsa 5♦ cewa ba shi da ko ɗaya, kun riga kun wuce 5♣, babu hanyar dawowa. Da shiriya ko diman, tayin nuna tsaro ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Abin da za ku zauna ku daidaita

Kafin zama na gaba, kai da abokin wasanka ku ɗauki takarda ɗaya ku rubuta: 1430 ko 3014, yaushe 4NT take gayyata, yaushe 4♣ take tambaya, tsaro da shayib ko da ikka kaɗai. Ku ƙara da abin da za ku yi idan abokin karawa ya tsoma baki bayan 4NT. Hanya mai sauƙi ita ce dobul, wato ninka tayinsa, na nufin babu makulli, fas na nufin ɗaya, tayi na gaba biyu. Dokar birij ta ce duk wata yarjejeniya tsakaninku dole abokan karawa su san ta idan sun tambaya. Ɗaga gira, jinkiri da gangan ko buga kati da ƙarfi don isar da saƙo duk haramun ne a wasan.

Hannun silam ba ya zuwa kullum, shi ya sa gwaji a tebur kaɗai ba ya isa. Ku biyu za ku iya cire biyu, uku da huɗu na kowane launi, kati 40 su rage, ku raba 13 ga kowa ku ajiye sauran. Hannaye za su riƙa fitowa da nauyi. Ku yi tayi har ƙarshe, sannan ku buɗe ku ƙirga ci tare, ku ga a wane tayi ne labarin ya isa ko ya ɓace. Idan ɗayanku yana Madina ɗaya yana Riyad, shafin Bridge Base Online yana da teburin gwajin tayi na mutum biyu, inda za ku iya sa a riƙa raba muku hannaye masu maki 30 zuwa sama.