Yadda ake gyaran ginin dutse da gungume irin ofishin Longmire

A 1928 aka gina ofishin gudanarwa na Longmire a gandun dajin Dutsen Rainiya da ke jihar Washinton ta Amurka. Ma'aikatan hukumar gandun dajin ƙasar ne suka zana shi bisa salon da hukumar ta runguma a lokacin, wato a yi gini da kayan da ke wurin har ya saje da dajin. Hawan ƙasa manyan duwatsu ne mulmulallu da ƙanƙara ta gangaro da su, hawan sama an lulluɓe shi da ɓarin gungume, rufin kuma fallayen itacen sida ne. A 1987 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Irin wannan gini ruwa ne ke cin sa, musamman a wuri mai yawan ruwan sama da dusar ƙanƙara, don haka gyara daga sama yake farawa. Wanda ya soma da bango alhali rufi na yoyo, aikin baban giwa ya yi.

A rufi, a share ganye da gansakuka da burushi mai laushi, sannan a cire fallayen da suka tsage ko suka lanƙwashe. Sabon falle ƙusa biyu yake so, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ƙusar baƙin ƙarfe tana baƙanta sida kuma ta cinye da wuri. A bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin falle da falle. Katakon yana kumbura idan ya jiƙe, in babu tazara sai ya ture ɗan'uwansa ya tashi.

Daga nan sai kawunan gumagumai, kuma a nan ne aikin yake. Masu zanen wannan salo suna son a ga kawunan itatuwan rufi sun leƙo waje, abin sha'awa ne ƙwarai, amma kan itace yana zuƙar ruwa fiye da jikinsa nesa ba kusa ba. A bi su ɗaya bayan ɗaya da basilla. Idan ta nutse ba tare da ƙarfi ba, ruɓa ta shiga. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma kuma, saboda gungume kan ruɓe ta ciki fatarsa na nan ƙalau. Mai na'urar awon danshi ya lura da adadi ɗaya: danshin katako ya haura kashi 20 cikin 100, an shiga haɗarin naman gwarin da ke ruɓar da shi.

Idan ɓarnar ba ta yi nisa ba, kada a cire gungumen duka. A yanke ruɓaɓɓen har a tarar da lafiyayyen itace, a sassaƙa wani irinsa mai kauri ɗaya wanda ya bushe sosai, a haɗa su da yanka mai gangarowa waje yadda ruwa ba zai kwanta a mahaɗar ba. A shafa sinadarin boret, mai hana katako ruɓewa, a wurin yankan kafin a haɗa. Tsagar da ke kallon sama ita ake toshewa, wadda ke kallon ƙasa a ƙyale ta, ta nan danshi ke fita. Fenti mai sheƙi da ke yin fata a kan itace a guje shi, don yana kulle ruwa a ciki. Sabon itacen ma a fere shi da hannu, domin wanda inji ya goge sumul tun daga nesa ido ke tsinto shi.

Bangon dutse kuwa, a fara da duba yadda maginan farko suka jera shi: manya a ƙasa, ƙanana a sama. Dutsen da ya fita a mayar da shi gurbinsa, kuma a ɗauki hoto a sa wa kowanne lamba kafin a taɓa. Kwaɓin tsakanin duwatsun da ya zube a kankare shi da cizal da hannu, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin mahaɗar. Dole sabon kwaɓi ya yi daidai da tsohon a launi da ƙarfi, ko ya ɗan fi shi laushi. Awo ɗaya na siminti, ɗaya na farar ƙasa, shida na yashi shi ne haɗin da aka saba farawa da shi, amma a gwada a wani lungu tukuna a bar shi ya bushe. A jiƙa mahaɗar, a cusa kwaɓin kaɗan-kaɗan, a bar shi ya ɗan shige ciki yadda fuskar dutsen za ta fito. Kada a yi aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Celsius, ƙanƙara za ta farfasa shi kafin ya kama. Wanke duwatsun da ruwa da burushi ya isa, feshin yashi yana cinye fuskarsu.

Gindin ginin shi ne na ƙarshe. Ƙasa ta gangara waje da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko, kowane katako ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 20, kuma masu kwashe dusar ƙanƙara su daina tula ta a jikin bango.