Darasi na 6: Ƙafar direba ita ke shan mai

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma har ta tsallake 1,000. To yanzu kowa kuka yake wai motarsa na shan mai, amma sau da yawa ba injin ba ne, ƙafar direban ce.

Ku lura da direba a danja. Ana sakin hannu sai ya danne totur kamar ana binsa, ko mita 200 bai yi ba ya tarar da gosulo ya kama birki, to duk man da ya ƙona wajen wannan gudun birki ya cinye shi, asara ce zalla. Ka tashi a hankali, ka sauya giya da wuri kar ka bar inji yana ihu a giya biyu, sannan ka riƙa hangen gaba, in ka ga ja daga nesa ɗaga ƙafa kawai motar ta gangara da kanta. A babban titi kuma, irin na Kano zuwa Zariya, mai tafiya a 80 ko 90 ya fi mai 120 rarar mai sosai, saboda yawan gudu yawan kokawa da iska.

Akwai wata al'ada da nake so mu tsaya a kanta, wato sakin firi a gangara, ka fitar da mota daga giya ta gangara da kanta. Direbobi da yawa sun yarda cewa dabara ce ta tsimi. A motocin yanzu masu injekta, wato waɗanda kwamfuta ke auna man da ake fesa wa inji, ba haka ba ne, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur kwamfutar motar da kanta take yanke mai, in kuwa ka saka firi sai inji ya ci gaba da sha a silo, ga haɗari, don birki kaɗai ka bari da nauyin mota da na fasinja.

Barin mota a kunne ana jiran lodi a tasha ko ana hira da mai shayi, shi ma shan banza ne. Da safe ma ba sai ka yi minti 10 kana dumama inji ba.

Taya mai ƙarancin iska jan mota take yi baya, ka leƙa wurin mai faci ya sa geji, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. Lokacin hunturu a yawaita duba iya kilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, saboda ƙura, kuma a sauke tarkacen but da ba a buƙata.

Ina ruwan wannan da muhalli? Kowace lita 1 ta fetur in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar da ke ƙara ɗumama duniya, man gas, wato dizal, ya ma fi haka. Ban da hayaƙin salansa da mai tallan ruwa a bakin titi ke shaƙa tun safe har magariba.

Aikin gida: ka cika tanki ka rubuta lambar kilomita da ke gaban sitiyari. Ranar da ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa ka yi, ka raba kilomita da lita. Ka zo da amsar aji mako mai zuwa.