Yadda Ake Zaɓen Maganin Zubawa a Man Dizal

Kafin ka sayi kowace kwalba, fara gano abin da ke damun injin. Ɗebi man daga ƙasan tanki a kwalba mai haske, ka ajiye ta awa ɗaya. In ruwa ya kwanta a ƙasa, sai ka tsiyaye shi tukuna, don babu maganin da zai maye gurbin wannan aikin.

In ka ga baƙin yauƙi a filta, ƙwayoyin cuta ne suka hayayyafa a inda ruwa ya haɗu da mai, musamman a tankin janareta da ke daɗewa ba a taɓa ba. Nemi mai kashe su, sannan ka sauya filta bayan 'yan kwanaki, domin matattunsu za su toshe ta.

Man da aka gauraya da kananzir ba shi da santsi, yana cinye famfon mai da nozul, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji. Nan mai ƙara santsi ake bukata. Maganin hana mai daskarewa na ƙasashen ƙanƙara ne, ɓarnar kuɗi ne a Kano.

Guji maganin da ke ɗauke da sinadarin barasa, yana kai ruwa har nozul. In takardar kwalbar ta ce 1:1000, mililita 100 ke nan a lita 100. Zuba maganin kafin man, don su gauraya sosai.