Yadda ake toshe yoyon gas a kwamfireson AC na mota samfurin sukurol

Mota ta daina sanyi, an kai ta an ƙara gas, bayan sati uku ta koma gidan jiya. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. Idan ya ragu, akwai inda yake fita, kuma a motoci irin su Honda Civic da CR-V masu kwamfireson Sanden samfurin sukurol, kwamfireson kansa yana cikin wuraren da ake fara zargi.

Cikinsa ƙarafa biyu ne naɗaɗɗu, kamar maganin sauro mai hayaƙi guda biyu kafin a raba su. Ɗaya a kafe yake, ɗayan yana kewaya a cikinsa, yana tura gas daga gefe zuwa tsakiya yana matse shi. Wani Bafaranshe, Léon Creux, ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma sai farkon shekarun 1980 aka iya ƙera ta don kasuwa, saboda sai ƙarafan sun haɗu tsaf, ba ratar da gas zai sulale. Shi ya sa yoyonsa iri biyu ne, na waje da na ciki, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

A fara da geji. A jona shi a ɓangarorin AC biyu, na ƙaramin matsi da na babban matsi, a tayar da mota, a kunna AC. Idan matsi ya yi ƙasa a duka biyun, gas ya zube waje. Idan kuwa gas na nan cike, amma allurar ƙaramin ɓangare ta hau, ta babban ta sauka, suna neman haɗuwa, to gas ne ke komawa baya a cikin kwamfireson. Siririn sil ɗin da ke kwance a bakin naɗin, wanda ke hana gas sulalewa, ya cinye, ko bangon naɗin ya karce. Wannan ba roba ko gam da zai gyara shi. A ganina canza kwamfireson ya fi arha a kan wahalar buɗe shi, kuma dole a wanke bututu a canza diraya, wato matatar da ke tsotse danshi daga gas, in ba haka ba garin ƙarfen da ya bari zai kashe sabon.

Yoyon waje shi ne mai gyaruwa. Gas yana fita tare da mai, don haka duk inda aka ga maiƙo ya kama ƙura, a tsaya nan. A duba bayan kulochin kwamfireson da kyau: sil ɗin shaf, wato sandar da ke juya kwamfireson, idan ya saki, yakan fesa mai a zagaye har ya yi layi a jikin abin da ke kusa. A duba mahaɗar bututu biyun da ɗinkin jikin kwamfireson. Sai a kwashe ragowar gas da injin kwashewa, ta ɓangarorin biyu, domin naɗin sukurol yana iya rufewa ya riƙe matsi a gefe ɗaya. A cika da naitirojin kimanin 150 psi, a shafa ruwan sabulu mai kumfa, a jira. Ƙaramin yoyo ba ya nuna kansa nan take, sai can a ga ƙwayoyin kumfa suna taruwa. Kada a kuskura a yi wannan gwaji da iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi fashewa ce.

Idan a mahaɗar bututu ne, aiki ya zo da sauƙi. A kwance, a cire tsohuwar robar mahaɗar da tsinken roba ko na itace don kada a karce mazauninta, a goge, a sa sabuwa daidai girmanta, irin ta AC, wadda galibi kore ce. A shafa mata man kwamfireso, a ɗaure daidai wa daida. Ɗaurin ƙarfi yana lalata zaren alminiyom.

Sil ɗin shaf ya fi son haƙuri. A sauke kwamfireson, a juye man cikinsa a kofin awo a rubuta yawansa. A kwance notin tsakiya, a zare farantin kulochi, a adana ƙananan wasoshin da ke bayansa, su ne ke saita ratar kulochi, kusan rabin milimita. A wasu samfuran sil yana fita ta gaba bayan an cire zoben da ke riƙe shi, a wasu sai an buɗe murfin gaba. Kafin a sa sabo, a bi shaf ɗin da farce. Idan farce ya maƙale a wani layi, sabon sil ma zai yi yoyo. A rufe zaren shaf da hular kariya, ko siririn tef idan babu, a jiƙa leɓen sil da mai, a tura shi a miƙe. Yawancin sil ɗin da suke yoyo tun ranar farko, zaren nan ne ya tsaga su wurin shiga.

A mayar da sabon mai daidai wanda aka juye. Motoci masu gas samfurin R134a suna shan man kwamfireso samfurin PAG, kuma yana zuƙar danshi da sauri, don haka kada a bar gwangwaninsa a buɗe. Motocin haibirid masu kwamfireson lantarki nasu man daban ne, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Ruwan toshe yoyo da ake sayarwa a gwangwani kuwa, ban ba da shawararsa ba, yakan toshe bawul ya bar ramin.

Bayan an ɗaura, a sake gwaji da naitirojin, a saki, a jona famfon zuƙe iska na aƙalla minti 30. A rufe geji a jira minti 15. Idan allura ta motsa, da sauran aiki. Kada a kunna kwamfireson a wannan hali, ba gas a ciki. Sai a zuba gas da sikeli, daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin bonet. Ko lokacin hunturu, mai mota ya riƙa kunna AC na minti goma duk sati, don mai ya kai ga sil kada leɓensa ya bushe.