Yadda za ka maida sabar kamfaninka kan kulawud

In sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan kamfaninka, na wani ɗaki a Yamai, kuran na ɗaukewa, gurup na shan gazuwal, kilim ba ya hutawa, gara ka koma kulawud, wato ka yi hayar saba ta intanet wurin masu ba da haya irin su AWS ko Azure ko OVH. Amma don Allah kar ka kwashe komai rana ɗaya, fara da imel da fayiloli marasa nauyi ka ga ko konekshon zai ɗauka, kuma layin intanet biyu dole ne. Bayanan mutane kuwa, tambayi HAPDP, hukumar kare bayanan mutane ta Nijar, tukuna. Aje kwafi a wani gari daban, gobarar ginin sabar OVH a Strasbourg ta Faransa a 2021 ta cinye bayanan mutane da yawa. Sa iyakar kuɗi tun farko, da dala ko yuro ake biya duk wata.